Da Me Yauni Ke Gani Cikin Duhu?

Yauni, wanda wasu masunta ke kira ɗan sarki, ba kifin da za ka sa ran gani a falon mutum ba ne. Gidansa fadamun kogin Kwara da na Binuwai da tafkin Chadi, inda ruwa ke da laka kuma ciyawa ta cushe. Akwai shi a kogin Nilu da Bolta da Gambiya da Sanagal. Amma yayana ya daɗe yana kiwon kifin ado a tankin gilashi, don haka da ya ga wani ƙarami, wanda bai kai kamu ɗaya ba, a hannun masunta a bakin ruwan Yawuri, sai ya saye shi da ransa, ya ware masa tanki mai cin lita 650.

Kifi ne dogo, bayansa ruwan toka, cikinsa fari, idanunsa 'yan mitsi-mitsi. Ba shi da fiffiken wutsiya, ba shi da na ƙarƙashin ciki. Fiffike ɗaya ne dogo ya bi gadon bayansa tun daga ƙeya har kusa da ƙarshen wutsiya, ita kuwa wutsiyar siririya ce mai tsini. Wannan fiffiken yake kaɗawa ya yi tafiya, sauran jikin kuwa a miƙe sambal, ba ya lanƙwasa shi kamar yadda sauran kifaye ke yi. Da rana yana cikin wani bututun roba da aka ajiye masa, ba ya fitowa sai in zai ɗago ya shaƙi iska a saman ruwa. Da magariba ta yi sai ya fito.

Abin da ya fara ɗaure wa yayana kai shi ne batun abinci. Yakan zuba masa 'ya'yan karfasa da dare, ya kashe fitila, ya rufe falon. Kafin asuba babu ko ɗaya. Kowa ya san wanda ya cinye su, to amma ta yaya? Karfasa kifi ne mai zafin nama, tankin kuma cike yake da duwatsu da saiwoyin itace da za ta iya maƙalewa. Ga shi da rana in ka wuce ta gaban gilashin, yaunin ko kallonka ba ya yi, alamar idon nan ba wani aikin kirki yake yi ba.

Ba a gama da wannan ba sai ga wasu abubuwa uku. Kifin yana tafiya da baya da irin saurin da yake yi da gaba, ya ratsa tsakanin duwatsu, ya shige bututunsa da wutsiya, bai goga jikinsa da komai ba. In aka tsoma masa abinci da cokalin ƙarfe, sai ya zabura, wani lokacin ya ja da baya, wani lokacin ya kai wa cokalin cizo ya bar abincin. In kuwa da tsinken itace ne ko cokalin roba, ko a jikinsa. Na ƙarshe shi ya fi tayar wa yayana hankali: da hunturu ya kama, sai kifin ya riƙa firgita da sassafe, yana bugun gilashi, har ya ƙuje baki.

Muka fara da ido, tunda shi ne abin zargi na kusa. Wataƙila akwai ɗan hasken da ke shigowa ta taga wanda mu ba ma lura da shi. Aka lulluɓe tankin ruf da bargo mai kauri a daren da babu wata, kuma ga shi an ɗauke wuta a unguwar. Da safe karfasa sun ƙare kamar kullum. Ido ya fita daga lissafi.

Sai hanci. Tarwaɗa ma da dare take kiwo, kuma kowa ya san da gashin bakinta take lalube da ɗanɗano. Yauni ba shi da gashin baki ko ɗaya. Hanci dai yana da shi, kuma babu shakka yana jin ƙanshin abinci, amma ƙanshi ba zai nuna wa kifi ƙofar bututu alhali da wutsiya ya nufe ta ba. Haka nan batun jijiyar gefen jiki, wadda kifaye ke jin motsin ruwa da ita. Ita za ta iya bayyana yadda yake kama abin da ke iyo, sai dai ba ta da abin cewa game da cokali. Mun ɗaura cokalin ƙarfe da na roba masu girma ɗaya a jikin sanda, muka bar su a ruwa shiru babu motsi. Ya wuce na robar, da ya zo daidai na ƙarfen sai ya tsaya cik, ya ja da baya, ya dawo, ya sake ja.

Ɗan yayana ya kawo shawarar cewa da tsinin wutsiya yake lalube, kamar yadda ake ganinsa yana ɗan karkata ta in zai koma baya. Wannan ta yi kama da gaskiya. Muka rufe bakin tocila da jar leda, don jan haske mai rauni bai cika damun kifin dare ba, muka zauna muna kallo. Na sa ido sosai a kan wutsiyar. Takan matso kusa da dutse har saura kamar faɗin yatsa biyu, sai ta kauce, ba ta taɓa shi ba. A bakin bututun ma haka: kafin tsinin ya iso, ya riga ya daidaita kansa da tsakiyar ramin. Ko me yake ji, yana jin sa ne tun kafin ya taɓa.

A nan yayana ya koma kan firgitar safe, domin ita ce ke iya kashe masa kifi. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Tunda da hunturu abin ya fara, kuma da hunturu ya sa hita a tankin, to lalle hitar ce ko famfon tace ruwa ke zubar da wuta, ƙarfen cokali kuma yana ƙara jawo ta. Zato ne mai ma'ana, kuma duk mai tanki ya kamata ya fara da shi, don wutar da ke yoyo cikin ruwa haɗari ce ga kifi da mai kifin. Ya kira wani maƙwabcinsa mai gyaran rediyo.

Mutumin ya gwada hitar da famfon da mitarsa, bai ga yoyo ba. Don ya ƙara tabbatarwa, sai ya ɗauko wata ƙaramar amfilifaya mai aiki da batir, ya haɗa mata wayoyi biyu, ya feƙe bakinsu, ya tsoma ɗaya a wannan kusurwar tankin, ɗaya a waccan. Lasifikar ta ɗauki wani kuka siriri, mai ɗorewa, ba ya yankewa.

Yayana ya ce, "To ka ji, Malam. Ga wutar nan."

Mai gyaran ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Alhaji, wannan ba kukan wutar gari ba ne. Nata kauri gare shi, na saba da shi tun ina yaron shago. Wannan ya fi shi siranta nesa ba kusa ba. A zare komai daga soket mu ji."

Aka zare hita, aka zare famfo, aka kashe fitilar tankin. Kukan yana nan. Aka je aka sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Yana nan daram. Sai yaunin ya fito daga bututu ya nufi kusurwar da waya take, kukan ya ƙaru har ya cika falon. Da ya juya ya koma, kukan ya ragu. Muka kalli juna. Mai gyaran ya ce a kamo kifin a sa a babbar robar wanki. Aka yi haka a hankali. Wayoyin da ke cikin tanki suka yi tsit. Ya ɗauke su ya tsoma a robar, kukan ya dawo.

Daga jikin kifin lantarkin ke fita.

Wani dattijon masunci da yayana ke sayen 'ya'yan karfasa a wurinsa bai yarda ba da aka ba shi labari. Ya ce, "Ɗana, minjirya ce mai wuta. Yauni na kama shi da hannuna ba adadi, cizo gare shi, ba wuta ba." Kuma gaskiyarsa ce a iyakar abin da hannu ke iya ji. Minjirya tana sakin abin da ya kai bolt 350 a bugu ɗaya, don ta sumar da abin da za ta ci ko ta kori maƙiyi. Na yauni rauni gare shi ƙwarai, ko hannunka na cikin ruwan ba za ka ji komai ba, kuma ba zai sumar da ko ɗan tsakon kifi ba. To in ba ta kisa, ba ta kora, mene ne amfaninta?

Wannan tambayar ta girme mu duka. Tun a ƙarni na 19 masu feɗe kifi sun ga wata irin tsoka a wutsiyar yauni da danginsa mai kama da ta kifaye masu wuta, amma da yake ba ta girgiza kowa, sai suka ɗauke ta gaɓar lantarki ta jabu. Charles Darwin ma, a littafinsa na 1859 kan asalin halittu, ya lissafa gaɓoɓin lantarkin kifi cikin abubuwan da suka yi masa wuyar bayani. Wanda ya warware ƙullin shi ne Hans Lissmann, masanin dabbobi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne ainihin abin da ya ja namu: ya ga yauni a gidan namun daji na Landan yana tafiya da baya ba ya karo da komai. Ya samu nasa ya sa a tanki, ya tsoma wayoyi, ya haɗa da na'urar da ke zana motsin lantarki a allo. A 1951 ya buga sakamakon a mujallar Nature: wutsiyar yauni tana sakin bugun lantarki kusan sau 300 a kowace daƙiƙa, dare da rana, ba hutawa. Wutar gidajenmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, shi ya sa kunnen mai gyaran rediyo ya raba su nan take.

Sanin cewa akwai wutar bai isa ba, sai an nuna kifin yana aiki da ita. Nan ne Lissmann da abokin aikinsa Kenneth Machin suka yi gwajin da ya fi burge ni, wanda suka buga a 1958. Sun samu 'yan tukwanen ƙasa marasa fenti, irin waɗanda ruwa ke ratsa jikinsu, don haka lantarki ma yana ratsawa. A waje duk kamarsu ɗaya, ƙanshinsu ɗaya, babu mai motsi. A cikin wata suka zuba ruwan tanki, a wata kuma abin da lantarki ba ya bi, kamar tataccen ruwa irin wanda muke kira ruwan batir. Suka koya wa kifin cewa abinci na tare da ɗaya, ɗayar kuwa babu alheri a wurinta. Ya koya, ya riƙa zaɓa daidai. Suka yi ta rage bambancin, har ta kai yana gane tukunyar da aka ɓoye sandar gilashi mai kaurin milimita 2 a cikinta. Ido ba ya ganin cikin tukunya, hanci ba ya jin gilashi. Abu ɗaya ya rage.

Ga yadda abin yake. A kowane gefen wutsiyar akwai siraran igiyoyi huɗu na tsokar da ta daina aikin motsi ta koma haifar da lantarki. A kowane bugu, wutar na fita ta zagaya cikin ruwa tsakanin kai da wutsiya, ta lulluɓe kifin ta ko'ina kamar gidan sauro, duk abin da ya matso sai ya lotsa shi. Abin da lantarki ke bi cikin sauƙi fiye da ruwa, kamar ƙarfe ko jikin wani kifi, yana tattaro wutar wajensa. Abin da ba ta bi, kamar dutse ko roba ko gilashi, yana watsa ta. A fatar yaunin, musamman wajen kai, akwai ɗimbin 'yan ƙofofi masu jijiyoyin da ke auna ƙarfin wutar a kowane gurbi, su kai wa ƙwaƙwalwa. Daga inda wutar ta ƙaru da inda ta ragu yake sanin abin da ke kusa, da girmansa, da ɓangaren da yake. Wannan ji ba ya kaiwa nesa, amma gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa, kuma babu ruwansa da duhu ko laka. Akwai kuma wasu jijiyoyin daban da ke tsinkayar 'yar wutar da jikin kowane mai rai ke fitarwa in yana numfashi ko motsi. Karfasar da ta lafe bayan dutse ba ta ɓuya ba.

Da wannan sai sauran abubuwan suka riƙa warwarewa da kansu. Cokalin ƙarfe a wurinsa wani abu ne mai tsananin ƙarfi da bai san irinsa a fadama ba. Lissmann ma ya ga kifinsa yana gudun wayar jan ƙarfe, kuma da ya mayar masa da bugun wutarsa ta cikin wayoyi, sai ya far musu da cizo kamar ya ga abokin gaba. Miƙewar jikin nan ma da dalili: in da yana lanƙwasa wutsiya hagu da dama wajen iyo, da mafitar wutar tana ta sauya wuri, awon ya rikice. Barin tafiya a hannun fiffiken baya shi ke sa ma'aunin ya zauna daidai.

Saura firgitar safe. A cikin abubuwan da Lissmann ya lura da su akwai cewa kifin na zabura in aka motsa maganaɗisu a wajen tanki, ko aka kawo matajin da aka gama taje kai da shi. Duk wanda ya yi hunturu a Arewa ya san yadda mataji ko rigar leda ke ƙara ƙyas-ƙyas in iska ta bushe. Muka gwada: 'yar yayana ta wuce da matajin roba ta gaban gilashin, kifin bai motsa ba. Ta taje kanta da shi sosai, ta sake wucewa da shi a daidai wurin, a daidai saurin. Kifin ya yi wata irin zabura har ruwa ya fantsalo. Nan take yayana ya tuna da bargon. Tun da sanyi ya shigo yake lulluɓe tankin da wani bargo na zaren roba don ɗumi ya zauna, kullum da asuba kuma sai ya fizge shi a kan gilashin. Ya sauya shi da zanen auduga mai kauri, ya riƙa ɗaga shi sannu a hankali. Daga ranar kifin bai sake bugun gilashi ba.

Abin da wannan ya koya wa mai kiwo yana da yawa, domin ana shirya tanki ne don idon mutum, shi kuwa yauni ba da ido yake zaune a ciki ba. Yayana ya fitar da duk wani ƙarfe da ke taɓa ruwan, ya koma ba da abinci da dogon hantsakin roba. Hitar ya mayar da ita cikin akwatin tace ruwa, inda kifin ba zai kai mata cizo ba, yana riƙe ɗumin tsakanin digiri 24 zuwa 28. Ya rage hasken fitila, ya sa ciyawa mai yawo a saman ruwa. Murfin tankin mai nauyi ne don kifin yana iya tsalle, amma akwai tazara tsakaninsa da ruwa, saboda jakar iskar yauni tana yi masa aikin huhu kuma dole ya riƙa ɗagowa. Ruwan famfo ba ya shiga sai ya kwana ko an kashe kulorin ɗinsa, kuma kaɗan-kaɗan ake sauyawa, don in gishirin ruwa ya sauya farat ɗaya, yadda lantarki ke bin sa ma ya sauya. Ya kuma yaye shi daga kifi mai rai, wanda kan shigo da cuta, zuwa tana da jatan lande da yankan kifi. Yayen ya ɗauki lokaci, kuma yanzu mun san dalili: yankan kifi ba ya fitar da wutar da mai rai ke fitarwa, sai an ɗan motsa masa shi, hanci ya taimaka.

Aboki kuwa babu. Ƙanana abinci ne, manya kuma yakan yayyage su da haƙoransa masu kaifi. Yauni biyu a tanki ɗaya faɗa ne har sai ɗaya ya rasa wutsiya, wato ya rasa wani ɓangare na abin da yake gani da shi. A kogi, inda akwai fili, suna da dabarar zama kusa da juna: in bugun biyu ya zo kusan daidai har yana rikita su, sai ɗaya ya ɗan ɗaga nasa, ɗayan ya sauke. Masana biyu 'yan Japan, Watanabe da Takeda, su suka fara gano wannan dabara a 1963 a jikin wani kifin Kudancin Amurka, daga baya aka same ta a yauni, alhali zuriyarsu ba ɗaya ba ce. Amma dabarar ba ta hana rikicin iyaka a wuri mai ƙunci. Kifi ne da a daminar fadama yake gina sheƙar ciyawa mai yawo a kan ruwa, ya zuba manyan ƙwai kusan dubu, ya tsare su da cizo. John Samuel Budgett ya bayyana irin wannan sheƙa daga kogin Gambiya tun farkon ƙarni na 20.

Abin da ke damuna shi ne girma. Ana fitar da 'ya'yan yauni daga Najeriya zuwa shagunan kifin ado na Turai da Amurka da Asiya, inda ake kiransa aba aba, mutane su saya yana ɗan ƙarami ba su san abin da suka ɗauko ba. Wannan kifi yana kai tsawon santimita 167 da nauyin kilo 18 da rabi. Ko bai kai haka a tsare ba, mita ɗaya ba abin mamaki ba ce, kuma jikin da ba ya son lanƙwasa yana buƙatar faɗi, ba tsawo kaɗai ba. Wanda ba shi da wurin da zai ɗauki dubban litoci, a ganina bai kamata ya saye shi ba, komai sha'awarsa.

Na yayana ya riga ya fi ƙarfin tankin falo. Yanzu ana gina masa kududdufin siminti a tsakar gida, mita 4 a tsawo, 2 a faɗi, zurfin mita ɗaya, da rumfa a kai da ragar roba a matsayin murfi. Sharaɗin da ya kafa wa magini shi ne duk bututun shiga da fitar ruwa su zama na roba, rodin da ke cikin bango kuma a binne shi sosai cikin siminti, kada ko tsininsa ya leƙo cikin ruwan.